Ranar da Na Roƙi Allah Kada Ya Ci Ƙwallo

Masu karatu, ku da kuka cika mini akwatin saƙo kuna cewa Babana ya fiye tsauri, yau ku saurara masa haka nan. Wannan karon mai laifin ce ke riƙe da waya tana rubuto muku, kuma wallahi sai da na rubuta na goge, na rubuta na goge, kafin na iya daurewa. Har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuskata, alhali ni kaɗai ce a ɗaki.

Ga wanda yau ya fara shigowa, bari in gutsura masa kaɗan. Ni ce auta a gidanmu. Ina aiki a wani ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, ni ke zaune a teburin gaba ina karɓar mutane, ina miƙa musu sakamako a babbar ambulan. Wanda nake so ɗan ƙwallo ne, ɗan wasan gaba, ni Lamba Tara nake ce masa. Gwiwarsa na fara sani kafin fuskarsa. Ranar da ƙungiyar garinmu ta turo shi a duba lafiyarsa kafin ya sa hannu, hoton na fara ɗagawa, na ga ƙusa biyu a cikin ƙashi, na ce, "Innalillahi, wannan kuma ta wane bawan Allah ce?" Sai na ji murya daga benci ta ce, "Tawa ce, 'yar'uwa. Ki roƙar mini likita ya duba ta da idon rahama, da ita muke cin abinci."

Kada ku ɗauka irin waɗanda kuke gani a talabijin ne, masu motoci da aski kala-kala. Shekararsa talatin da biyu, kuma babu yaron da ya taɓa manna hotonsa a bango. Shi irin ɗan wasan nan ne da ake nema idan ruwa ya kai wa ƙungiya wuya. Ɗan gabansu ya ji rauni, ko suna neman faɗawa rukunin ƙasa, sai a kira shi. Ya zo ya ci musu 'yan ƙwallayen da za su tsira, kakar wasa ta ƙare, a yi masa godiya, a sayo yaro ɗan shekara ashirin, shi kuma ya saɓa jakarsa ya yi gaba. Shi ya sa Yayana, wanda ya haddace ƙwallo fiye da karatunsa, yake kiran sa Mai Jaka. Wata rana ya zauna ƙirga ƙungiyoyin da ya buga wa, yatsunsa suka ƙare, ya ce in ara masa nawa.

Baba kuwa magana ɗaya ya yi tun farko: "Mutumin da ba ya ganin damina biyu a gari ɗaya, ina zai ajiye mini 'ya?"

Babana kafinta ne. Da baki ya ce ya daina aiki, amma hannunsa bai yarda ba, kullum yana rumfarsa ta bayan gida yana gyaran kujerun maƙwabta. Yana da wata ɗabi'a da duk dangi suka sani: ba ya ba da 'ya sai ya ga mai nemanta a bakin aikinsa. Cewa yake, "A falo kowa na da ladabi." Lokacin da mijin Anti, babbar yayarmu, ya fito, Baba banki ya tafi ya shiga layi kamar kowa, ya tsaya yana kallon yadda zai yi da wata tsohuwa da ta kasa sa hannu. Sai da ya ga ya zagayo ya zauna kusa da ita ya bi da ita a hankali, sannan ya dawo gida ya ce an ba shi.

To ranar Laraba muna karyawa, Baba ya ajiye kofin shayinsa ya dubi Yaya ya ce, "Asabar ɗin nan suna da wasa ko? Ka samo mana tikiti."

Na buɗe baki zan yi magana. Mama ta taka ƙafata ta ƙarƙashin tebur, alamar in yi shiru.

Kafin azahar labari ya zaga dangi. Anti ta zo da yamma, ta same mu a kicin ni da Mama, ta jingina da ƙofa tana kaɗa makullin mota.

"Auta, Allah dai ya sa a sa shi. Kada mu kwashi Baba mu je rana ta dake mu, muna kallon surukinsa yana ɗumama benci."

"Za a sa shi," na ce.

"Gwaggo ma ta kira ni. Wai namiji da gemunsa yana bin ƙwallo da gajeren wando, wai shi ne aikin?"

Mama ta ce, "Ke dai ba kya gajiya da tsokana."

Ni kuma a nan shaiɗan ya ja mini harshe. Shekara guda ke nan ina haɗiye irin waɗannan maganganu. Duk bikin da muka je sai an tambaye ni, "Yanzu kuma wace ƙungiya yake?" ana dariya ƙasa-ƙasa. Gaskiyar da ban taɓa gaya muku ba ita ce, ina son sa, amma ina jin kunyar aikinsa. So nake sau ɗaya dai a ce kowa ya ga wanda zan aura yana da daraja. Na juyo da ludayi a hannu na ce, "Zai buga, kuma zai ci. Idan ya ci, har gaban Baba zai rugo ya durƙusa, duk filin nan ya gani."

Anti ta ɗaga gira. "Mun ji. Zan cika wayata da caji."

Ina shiga ɗaki na rubuta wa Lamba Tara abin da nake so ya yi. Bai daɗe ba ya amsa.

"Kin san da wa za mu buga?"

"Masu shuɗiyar riga."

"To kin sani ke nan."

Na sani mana. Lamba Tara yana da wata doka da ya sa wa kansa: idan ya ci tsohuwar ƙungiyarsa ba ya murna. Hannu biyu yake ɗagawa kamar mai neman gafara, ya sunkuyar da kai, ya koma tsakiyar fili a ƙafa. Na kuma san masu shuɗi ba kamar sauran ba ne a wajensa, don a can ya karya gwiwar nan. Ya taɓa ba ni labarin wani Kawu da ya riƙe shi, amma da rabin kunne na saurara, ina gyaran farce.

Na rubuta, "Sau ɗaya dai. Don ni."

"Ki roƙe ni wani abin. Ana tashi zan zo har inda yake in gaishe shi, a gaban ko waye."

"Ana tashi kowa ya watse. Ni a lokacin nake so."

"Mutanen nan sun riƙe ni lokacin da ba ni da ƙafa."

"To ai kusan duk ƙungiyoyin tsofaffin ƙungiyoyinka ne. Yaushe za ka taɓa yin murna? Sai ka yi ritaya?"

Ya turo hoton dariya. Shi a ganinsa wasa ya shigo, magana ta mutu. Ni kuma na gyara zama na rubuta abin da har gobe nake cizon yatsa a kansa.

"Ba wasa nake ba. Na riga na gaya wa 'yan gidanmu. Idan ba za ka iya wannan don ni ba, na san matsayina."

Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa, ya sake dainawa. Can sai ga kalma ɗaya ta shigo: "To."

Kun san me na yi? Murmushi na yi, na rungume filo, wai ni mai iko da saurayi.

Ranar Asabar na saka doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a hannu, na yafa mayafi rawaya, kalar rigar ƙungiyarmu, don ya gane ni daga nesa. Anti ta sha baƙin gilashi da takalmi mai tsini kamar mai zuwa walima. Baba ya sa farar rigarsa da Mama ta goge tun safe, ga ma'aunin aikinsa mai naɗewa ya leƙo daga aljihu, don ko ina za shi da shi yake tafiya. Yaya ya yi sakaci bai sayi tikiti da wuri ba, sai muka samu wuri can gefe, daf da inda aka ware wa baƙi magoya bayan masu shuɗi. Wani siririn shingen ƙarfe ne kawai tsakaninmu da su. Ƙasa kaɗan kuma ga bencin 'yan wasansu.

Aka fara wasa babu Lamba Tara. Anti ta sauke gilashi ta dube ni, ban kula ta ba.

Baba bai san komai a ƙwallo ba, don haka bencin da muke zaune ya fara dubawa. Ya girgiza shi ya ce, "Wanda ya kafa wannan bai ji tsoron Allah ba." Wani dattijo a ɗaya gefen shingen, mai shuɗiyar hula da ƙaramar rediyo a cinya, ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, namu ya fi naku rawa." Shi ke nan hira ta ɓarke, kamar sun shekara da sanin juna.

Ana cikin haka 'yan benci suka tashi motsa jiki a bakin layi. Lamba Tara ya biyo ta gabanmu yana sassarfa. Sai kawai na ji baƙin nan sun miƙe gaba ɗaya suna tafi, suna kiran, "Ɗanmu! Ɗanmu!" Ya ɗaga musu hannu bai tsaya ba.

Baba ya dubi dattijon. "Ikon Allah. Wannan ba na abokan karawarku ba ne?"

"Nasu ne a takarda, namu ne a zuciya. Malam, ba ka san yaron nan ba?"

Baba ya ce, "Ina dai jin labarinsa." Bai ko kalli inda nake ba.

Dattijo ya rage muryar rediyo ya matso. "Ka ga wancan tsohon a ƙarshen bencinmu, mai tawul a kafaɗa? Shi ke wanke rigunan ƙungiya tun ina da baƙin gashi, Kawu muke ce masa. To yaron nan a filinmu ya karye, yana ƙoƙarin ci mana ƙwallon da ta hana mu faɗuwa. Ya ci kuwa, amma a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ya fita. Kwantiraginsa ya ƙare yana kwance, manya suka juya baya. Kawu ne ya ɗauke shi ya kai gidansa, ya ba shi ɗakin ɗansa. Shi ke goya shi zuwa banɗaki, ƙato kamar wannan. Matarsa ke dafa masa. Mu kuma muka raba kwanaki, yau wannan ya kai shi asibiti, gobe wancan. Ni da kaina a bayan babur ɗina na sha ɗaukar sa, ƙafa a miƙe kamar itace."

"Da ya warke fa?"

"Ƙungiya ta ce ba ta buƙata. Ya tafi neman abincinsa, me zai yi? Amma ka ji abin da ya sa muke son sa. Tun daga nan ya sha cin mu. Bara ma shi ya fitar da mu daga gasar kofi. Wallahi bai taɓa ko murmushi ba. Hannu yake ɗagawa ya ba mu haƙuri. Kuma ba mu kaɗai ba, duk inda ya taɓa cin abinci haka yake musu. Yaran yanzu kuwa, jiya suna sumbatar rigarka, yau su ci ka su zo gabanka suna rawa."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, ya daɗe yana kallon Lamba Tara da ke miƙa ƙafa a bakin layi. Sannan ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Ashe. To wannan ɗan halak ne." Ya juyo ya dube ni, ya yi mini wani ɗan murmushi da tun da aka fara maganar auren nan ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Jama'a, abin da na shekara ina nema ga shi ya zo da kansa, kuma ni da hannuna na riga na haƙa masa rami.

Ana hura usur na hutun rabin lokaci na zaro waya na rubuta masa. "Kada ka yi. Don Allah kada ka yi. Na janye. Ka yi yadda ka saba." Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, bai shiga ba. Na kira, a kashe. Na sake kira.

Yaya ya leƙo. "Wa kike nema? Mai Jaka? Ai kocinsu karɓe wayoyi yake tun a ƙofar ɗakin sauya kaya, ya zuba a jaka, sai an tashi."

"Yaya, don Allah ka sauka ka gaya masa wata magana."

"In sauka ina? Kin ga ƙartin can masu sanda? Ke wai lafiyarki?"

Da suka fito zagaye na biyu, ya sake biyowa ta gabanmu yana motsa jiki. Na miƙe tsaye ina kaɗa mayafina, ina girgiza kai, ina yi masa alamar a'a da hannu. Cikin wannan hayaniya da tutoci, me zai gane? Ya hango rawayan mayafi yana kaɗawa, ya tsaya, ya dafa ƙirjinsa ya gyaɗa mini kai. Shi a zatonsa tuna masa nake yi.

Na zauna na fara addu'ar da ban taɓa zaton wata budurwar ɗan ƙwallo ta yi ba. Allah kada a sa shi. Allah ka sa koci ya manta da shi. Ban rufe baki ba aka ɗaga allon canji, ga lamba tara. Yaya ya yi tsalle, Anti ta kunna kyamara, Baba ya gyara zama. Na sauya addu'a. Allah kada ya ci. Allah ka ba golan nan hannu goma.

Aka kawo masa wata ƙwallo ta sama, ya tashi ya sa kai, ta daki ƙarfen raga ta fita. Duk filin ya ɗauki "Kash!" Ni kuma ban san lokacin da na ce "Alhamdulillahi" da ƙarfi ba. Anti ta juyo ta yi mini wani kallo mai tsawo.

Saura kaɗan a tashi, babu wanda ya ci. Har na fara sauke numfashi, sai aka ba mu bugun kwana. Aka bugo, aka yi cincirindo a bakin raga, ƙafafu ko ta ina, gola ya doke ta, ta dawo ta bugi wani, ta bugi gwiwar Lamba Tara, ta gangara a hankali ta shige. Ba ƙwallon da za a maimaita a talabijin ba ce. Irin tasa ce dai, ta wanda ya san inda zai tsaya.

Filin ya kaure. Shi kuma ya tsaya cak. Na ga hannuwansa sun fara tashi da kansu kamar yadda suka saba, har sun kai ƙirji. Dattijo ya taɓo Baba ta cikin shinge yana cewa, "Kalli, Malam, kalli abin da na gaya maka." Ƙwallo aka ci su, amma mutumin nan alfahari ne a muryarsa.

Sai Lamba Tara ya ɗago kai ya dubi inda muke. Ya sauke hannuwan. Ya kwasa da gudu.

Ya wuce ta gaban bencin masu shuɗi, har iskarsa ta kaɗa tawul ɗin Kawu. Ya zo daidai gabanmu ya zube a kan gwiwoyinsa, ya zame a ciyawa, hannu a buɗe. Wajen Baba ya nufa, ni na sani, Allah ya sani. Amma tsakaninmu da baƙin nan taku nawa ne? Duk wanda ke filin, a gaban masu shuɗi ya ga ya durƙusa yana buɗe musu ƙirji. Abokan wasansa kuma, da ba su taɓa ganin ya yi murna irin wannan ba, suka rugo suka haye kansa, biyu daga ciki suka miƙe suna tiƙar rawa suna nuna baƙin da yatsa.

Da farko masu shuɗi shiru suka yi. Wallahi shirun nan ya fi ihun da ya biyo baya ciwo. Sannan wani ya yi kururuwa, "Butulu!" Sai ledojin ruwa da robobi suka fara sauka. Mutanen da ɗazu suke kiran sa ɗansu, yanzu suna jifan sa suna zagi, wani saurayi har da hawaye. Na hango Kawu a tsaye a bakin layi. Bai yi zagi ba, bai yi komai ba. Tawul ɗin ya sauke daga kafaɗa ya ninke shi, ya koma ƙarshen benci ya zauna ya juya baya.

Dattijo ya kashe rediyonsa. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, ka yafe ni. Ashe ƙarya na yi maka."

Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa, inda wata ledar ruwa ta fashe ta jiƙa masa kafaɗa, ya ce, "Mu tafi."

A mota Yaya ma da bakinsa ba ya rufuwa, titi kawai yake kallo. Da muka isa, Baba ya wuce ciki, Anti ta riƙo hannuna a bakin ƙofa. Na ɗauka tsokana za ta yi, sai na ga ta cire gilashin.

"Ke kika sa shi, ko?"

Na kasa ɗago kai.

"Na goge bidiyon. Ni ma da nawa laifin, na sani. Amma ba ni zan shiga wajen Baba ba, Auta."

Bayan magariba Baba ya aika a kira ni. Yana rumfarsa, ya kifa wata kujera a kan tebur yana goge mata ƙafa, garin katako duk ya hau masa hannu. Mama na zaune a kan ɗan benci, ta yi tagumi. Na durƙusa daga gefe.

"Auta, ba zan ɓoye miki ba. Da niyyar hana shi na je. Kafin a je hutu na riga na ba shi ke a zuciyata. Na ce wanda bai manta da inda ya ci abinci ba, ko ƙarshen duniya ya kai mini 'ya ba zai wulaƙanta ta ba." Ya hure ƙurar da ke jikin katakon. "Sai na ga abin da na gani. Tsohon da ya goya shi yana tsaye, ya wuce shi kamar bai taɓa ganin sa ba, don ya burge ni. Ni zai burge da wannan? Gobe idan ya samu wanda yake son burgewa fiye da ke, haka zai wuce ki. Ki yi haƙuri. Ba zan ba shi ba."

Mama ta dube ni, tana jiran in yi kuka ko in roƙa. Ni kuma na ce, "To, Baba," na tashi na fita. E, haka na yi. Na bar shi da laifin, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Wayata na kan gado tana haske. An mayar musu da wayoyi, ga saƙonninsa sun shigo a jere.

"Yanzu na ga saƙonki. Ai ya wuce, kada ki damu."

"Baba ya gani? Ya ji daɗi?"

"Na je wajen motarsu in ga Kawu. Yana loda jakunkuna. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, sannu da aiki, ɗan wasa. Bai taɓa kira na da haka ba. Ɗana yake cewa."

"Sun tafi. Na tsaya har motar ta fita, babu wanda ya leƙo."

"Amma ba komai, in dai Baba ya yarda. Ki gaya mini wani abu mai daɗi, don Allah."

Na karanta na sake karantawa. Ko kalma ɗaya ta zargi babu. Da zagi na ya yi, da na samu abin riƙewa in kare kaina. Na dubi madubi na ga rawayan mayafin nan har yanzu a kafaɗata, na fizge shi na jefar. Kunya na sani tun ina yarinya, ta fasa kofi, ta faɗuwa jarrabawa. Wannan daban ce, irin wadda take sa mutum ya tsani jin muryar kansa.

Na koma rumfa babu ko takalmi. Baba na nan inda na bar shi.

"Baba, ni ce."

Bai ɗago ba. "Ke ce me?"

"Ni na sa shi. Ya ƙi, ya roƙe ni, ya ce mutanen nan sun riƙe shi. Na ce idan bai yi ba, ba ya so na. Don Anti da Gwaggo su daina yi mini dariya na yi."

Hannunsa ya tsaya. Mama ta ce, "Innalillahi, Auta!" ta dafe ƙirji. Baba ya ajiye abin gugar a hankali, ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe yana kallo na. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

"Kin san labarin tsohon nan kafin yau?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ɗazu ina zagin bawan Allah a gabanki, kika ce mini to, kika tashi."

Hawaye suka ɓalle mini. Bai ce in yi shiru ba.

"Shi ya ɓata wa mutane, ya je ya durƙusa a gabansu?"

"Ya je, Baba. Ba su kula shi ba."

"Ya san abin da na yanke a kansa?"

"Bai sani ba. Yana ta tambaya ko ka ji daɗi."

Baba ya rufe ido ya girgiza kai. Da ya buɗe, ya nuna wayar da ke hannuna.

"Kira shi. Ki buɗe murya in ji. Ki gaya masa na riga na ba shi ke tun kafin ya taɓa ƙwallo, saboda abin da kika sa ya zubar. Ki gaya masa na hana shi, kina durƙushe kina ji, kika yi shiru. Kada ki rage komai."

"Baba, don Allah..."

"Shekara guda ina tambayar ko yaron nan ya isa ya riƙe mini 'ya. Ashe ban tambayi ko 'yar tawa ta isa a ba ta amanar mutum ba. Idan ya ji duka ya ce har yanzu yana so, na ba shi. Idan ya ce ya fasa, ba zan ga laifinsa ba, ke ma kada ki gani."

Na danna lambarsa. Mama ta kawar da kai. Ko gama ƙara ta farko ba ta yi ba ya ɗauka, kamar dama wayar na tafin hannunsa. Muryarsa ta cika rumfar, a dishe, a gajiye, amma da ɗoki a cikinta kamar ta ƙaramin yaro.

"Yauwa, tun ɗazu nake jira. Gaya mini, me Baba ya ce?"